Darasi: Yadda Ake Harhaɗa Ƙaramin Jirgin Ruwa Na Katako, Daga Buɗe Kwali Zuwa Ɗaurin Igiya

Wanda ya saba da waya ya saba da gyara kuskure cikin daƙiƙa ɗaya. In ya rubuta saƙo ba daidai ba sai ya goge, in manhaja ta rikice sai ya cire ta ya sake saukewa, in abu ya ci tura sai ya mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Harhaɗa ƙaramin jirgin ruwa na katako ba shi da wannan rangwamen. Kuskuren da aka yi a makon farko ba ya nuna kansa sai bayan wata biyu ko uku, lokacin da an riga an lulluɓe shi da katako da gam da fenti, kuma an kashe kuɗi da lokacin da ba za su dawo ba.

Saboda haka abin da mai koyo ya fi buƙata shi ne sanin jerin aikin: me ke zuwa kafin me, kuma me ya kamata a tabbatar kafin a wuce gaba. Wannan darasi zai bi jerin daga farko zuwa ƙarshe, tare da nuna wuraren da wayar hannu ke zama kayan aiki.

Mene ne a cikin kwalin?

Kamfanoni da dama ne ke sayar da kayan haɗa irin waɗannan jirage a kwali guda, wanda ake kira kit. Daga cikin sanannu akwai OcCre da Artesanía Latina a Sifaniya, Amati a Italiya, Billing Boats a Denmark, Caldercraft a Ingila, da Model Shipways a Amurka. In an buɗe kwalin, ba jirgi za a gani ba. Abin da za a tarar shi ne allunan filawud da aka yanke sassa a jikinsu da na'urar leza, damin siraran filankai, sanduna masu zagaye, ƙullin zare kala-kala, 'yan ƙananan kayan ƙarfe da na tagulla, manyan takardun zane, da littafin bayani.

A kit ɗin Turai da yawa, filankan da ake yi wa jirgi ado da su daga waje na katakon safele ne, wani jan katako na dazuzzukan Afirka wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta a Najeriya.

Aikin farko shi ne ƙirga kaya. A ɗauki jerin sassan da ke cikin littafin, a bi su ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoton duk abin da ke cikin kwalin. In wani abu ya ɓace ko ya karye a hanya, yanzu ne lokacin yi wa mai sayarwa magana. Kafin a ciro kowane sashe daga allonsa, a rubuta lambarsa a jikinsa da fensir, domin da zarar sun fita sai su yi kama da juna.

Wane jirgi ya dace da mai farawa?

Yawancin masu farawa idonsu kan faɗa kan HMS Victory, jirgin yaƙin Ingila da aka saka a ruwa a 1765, wanda ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, kuma har yau yana ajiye a Portsmouth. Yana da kyau ƙwarai, amma yana ɗauke da igwa fiye da 100 da igiyoyin da tsawonsu ya kai mil da yawa, kuma dole a kwaikwayi kowanne. Wanda ya fara da shi kamar wanda bai taɓa rubuta layin kod ɗaya ba ne ya ce zai gina WhatsApp. Irin wannan kit ɗin ne kan ƙare a saman kwaba, rabinsa a haɗe.

Misalin wannan darasi shi ne Bluenose, jirgin kamun kifi da tsere na ƙasar Kanada. William Roué ne ya zana shi, aka saka shi a ruwa ranar 26 ga Maris, 1921 a garin Lunenburg na lardin Nova Scotia. A hannun kyaftin Angus Walters ya riƙe kofin tseren jiragen masunta na ƙasa da ƙasa daga 1921 har zuwa tsere na ƙarshe a 1938. Ya daki dutsen cikin teku ya nitse kusa da Haiti a watan Janairun 1946. Hotonsa na kan kwabon santi 10 na Kanada tun 1937, kuma an gina magajinsa, Bluenose II, a 1963.

Dalilin zaɓensa shi ne siffarsa. Gangar jikinsa doguwa ce mai laushin lanƙwasa, filanki ba ya shan wahala kafin ya kwanta. Jigo biyu kawai gare shi, wato dogayen sandunan tsaye masu riƙe filafilai, ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgi. Babu igwa, babu sassaƙe-sassaƙen ado. Wanda yake son abin da ya fi wannan sauƙi yana iya farawa da ƙaramin kwalekwale ko jirgi mai jigo ɗaya.

Lissafin sikeli

A jikin kowane kwali akwai lamba irin 1:64 ko 1:100. Ma'anar 1:64 ita ce an raba kowane awo na jirgin gaske gida 64. Tsawon gangar jikin Bluenose mita 43.6 ne. A sikelin 1:64 ya zama kusan santimita 68, a sikelin 1:100 kuma santimita 43.6. Babban jigonsa ya tashi kusan mita 38 daga daɓen jirgi, wato wajen santimita 59 a 1:64. Mutum mai tsawon santimita 170 zai koma ƙasa da santimita 3.

Lissafin yana aiki ta baya ma. Kuskuren milimita 1 a ƙaramin jirgi daidai yake da santimita 6.4 a jirgin gaske. Shi ya sa ido ke saurin kama 'yar karkata, ko da mai kallo bai san komai game da jirgin ruwa ba. Wani abin lura: jirgin da sikelinsa ya fi ƙanƙanta ya fi arha, amma ya fi wuyar aiki, domin sassansa sun fi ƙanana a hannu.

Kayan aiki

Ba sai an sayi injina ba. Waɗannan sun isa:

• Wuƙar yanka mai kaifin reza, da ƙarin ruwanta
• Rula ta ƙarfe da ƙaramar sikwaya
• Samfefa mai kaushi, matsakaiciya da mai laushi, misali lamba 120, 240 da 400
• Ƙananan magagari
• Ɗan abin huda na hannu da bakuna daga milimita 0.5 zuwa 2
• Hantsaki mai siririn baki da ƙaramin almakashi
• Fegin shanya, kilif ɗin takarda, allurai da robar ɗaure kuɗi
• Farin gam na kafintoci, da sufa-gulu kaɗan
• Ƙarfen soda irin na masu gyaran waya, don lanƙwasa katako

Waya ma tana cikin jerin. Kalkuleta na lissafin sikeli. Google Lens na fassara littafin bayani in ya zo da Sifaniyanci ko Italiyanci. Wasu kamfanoni, kamar OcCre, suna ɗora bidiyon matakan haɗa kit ɗinsu a YouTube, ana iya sauke su lokacin da data ke da arha. Amma mafi amfani ita ce kyamara. In aka kunna layukan raga a saitin kyamara, aka ja baya kamar mita biyu aka zuƙo hoton, layukan za su tona duk wata karkata. Kada a ɗauki hoton daga kusa, domin gilashin kyamarar waya mai faɗin gani ne, yana lanƙwasa layi madaidaici.

Saboda wannan dalilin ne ba a ɗaukar awo daga hoton takardar zane. In za a buga kwafin zanen, a zaɓi girman asali, wato kashi 100, kada a bar firinta ta matse shi ya cika takarda. Bayan an buga a gwada da rula.

Mataki na 1: Ƙashin baya da haƙarƙari

Yawancin kit suna farawa ne da dogon allo guda da ke tafiya daga goshin jirgi zuwa ƙeyarsa. Shi ne ƙashin baya. A jikinsa akwai tsagogi inda ake zura allunan haƙarƙari a gicciye. Waɗannan ne ke bai wa jirgin faɗinsa da siffarsa.

Kafin komai, a kwantar da ƙashin bayan a kan gilashi ko tayil. In wani gefe ya ɗaga, to ya kangare, sai a ɗan jiƙa shi, a danne da littattafai masu nauyi har ya bushe. Daga nan a kafa shi tsaye tsakanin katako biyu madaidaita da aka ɗaure a kan allon aiki, ya zauna a haka har a gama lulluɓe jirgin.

A gwada duk allunan haƙarƙari a tsagoginsu ba tare da gam ba. Wanda ya matse a ɗan goge shi, kada a tura da ƙarfi. Wanda ya yi sako-sako a cusa masa siririn katako. Leza kan bar baƙin ƙuna a bakin yanka, kuma gam ba ya kama ƙuna sosai, don haka a goge wurin da gam zai taɓa. Sai a manna su ɗaya bayan ɗaya, ana dafa sikwaya a kusurwa har gam ya kama. Kowane allo ya tsaya a digiri 90 da ƙashin baya, samansa kuma ya yi daidai da saman ƙashin bayan.

A nan ne za a ɗauki hoton gwaji na farko, ɗaya daga goshi, ɗaya daga sama. In hagu da dama ba su zama kamar mutum da madubinsa ba, kada a wuce.

Mataki na 2: Gugar haƙarƙari

Wannan shi ne matakin da littattafan bayani kan ambata a layi ɗaya, alhali shi ne ke yanke hukuncin kyan jirgin. Bakin kowane allon haƙarƙari a miƙe aka yanko shi, amma jikin jirgi yana tsukewa ne wajen goshi da ƙeya. In aka ɗora filanki a haka, kan kaifin kusurwa kawai zai taɓa. Gam ba zai sami wurin kamawa ba, kuma jikin jirgin zai fito da tudu da kwari.

Maganin shi ne a goge bakin allunan su karkata su bi lanƙwasar jirgin. A manna samfefa a jikin dogon katako mai ɗan lanƙwasuwa, wanda zai hau allo uku ko huɗu a lokaci guda. A allunan da ke wajen goshi, gefen da ke kallon gaba ake ci, a bar gefen baya. A na wajen ƙeya kuma, gefen da ke kallon baya ake ci. Baƙin ƙunar leza yana da amfani a nan: in an bar siririn layinsa a gefen da ba a ci ba, alama ce ba a rage girman allon ba. In layin ya ɓace gaba ɗaya, an wuce gona da iri, sai a manna siririn katako a sake gogewa.

Gwajin mai sauƙi ne. A ɗauki filanki ɗaya a kwantar a jikin haƙarƙarin, a sama, a tsakiya, a ƙasa. Ya kamata ya kwanta lif a kan faɗin bakin kowane allo, babu rata, babu inda ya karye kwana. A yi wa hagu da dama guga iri ɗaya, kaɗan nan kaɗan can. Wannan aikin kan ci kwanaki, kuma kwanakin ba asara ba ne.

Mataki na 3: Lulluɓe jiki da filankai

Matsalar da ke gaban mai haɗawa ita ce: cikin jirgi ya fi goshinsa faɗi, amma yawan layukan filanki ɗaya ne daga gaba zuwa baya. Dole kenan kowane filanki ya sirance wajen goshi. Nawa za a rage? Lissafi ne ke faɗa, ba ido ba.

A yanki siririyar takarda a bi bakin allon haƙarƙarin da ya fi girma, daga sama zuwa ƙashin baya, a auna. A ce an sami milimita 60, faɗin filanki kuma milimita 5 ne. Layuka 12 kenan. Sai a auna wani allo kusa da goshi, a ce an sami milimita 42. In an raba 42 gida 12, za a sami 3.5. To kowane filanki faɗinsa ya zama milimita 3.5 a daidai wannan allon. A yi wa kowane allo haka. Wanda ya iya Google Sheets ko Excel a waya zai gama teburin cikin minti kaɗan. Daga nan a sa ɗigon fensir a bakin kowane allo, filankai su riƙa bin ɗigon.

Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce kada filanki ya sirance ƙasa da rabin faɗinsa, kuma kada ya ƙare da tsini kamar allura. In wuri ya yi matsi sosai, sai a haɗe layi biyu su koma ɗaya. In wajen ƙeya ya buɗe ya bar rata, sai a cusa gajeren filanki ya cike.

Wajen lanƙwasawa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, busasshe kuwa sai da ruwa da zafi. A jiƙa filankin a ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 30, sannan a bi da shi a jikin ƙarfen soda mai zafi ana lanƙwasawa a hankali. Zafi ne ke tausasa sinadarin da ke riƙe da jijiyoyin katako, in ya huce sai ya zauna a sabuwar siffar. A maƙale shi a mazauninsa da fegi ya bushe tukuna, sannan a sa gam. Katako mai jiƙe a kumbure yake. In aka manna shi a haka, yana bushewa zai tsuke ya bar tsaga tsakaninsa da na kusa da shi.

Abu na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci: filanki ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Wanda ya gama gefe guda kafin ya taɓa ɗayan, jan katakon zai lanƙwasa ƙashin baya kamar ayaba, kuma babu samfefar da za ta gyara wannan.

Kit ɗin Turai da yawa rufi biyu suke yi. Na farko da katako mai laushi da kauri, shi ne ke ba da siffa. A cike ramukansa da garin katako da aka kwaɓa da farin gam, a goge har ya yi sumul. Na biyu siriri ne ƙwarai, kamar rabin milimita, shi ne ado. Saboda sirantarsa ba ya ɓoye komai, duk tudun da aka bari a ƙasa zai bayyana a sama.

Mataki na 4: Daɓe, fenti da ƙananan kaya

Bayan jiki ya kammala sai shimfiɗa filankan daɓe, ana farawa daga layin tsakiya zuwa gefuna. In aka goga bakin fensir a gefen kowane filanki kafin mannawa, zai bar siririn baƙin layi mai kama da kwaltar da ake toshe tsagogin jirgin gaske da ita.

Bluenose baƙi ne daga sama, da siririn layin ruwan ɗorawa, ƙasansa kuma ja mai duhu. Don zana layin da ruwa ke tsayawa, a zaunar da jirgin a kan teburi madaidaici, a tabbatar da daidaiton teburin da manhajar awon lebur ta waya, a ɗaure fensir a kan wani ɗan katako mai tsayin da ake so, a zagaya jirgin da shi. Fenti kuwa, shafa uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri.

Duk wata huda da ƙugiya da zoben da igiya za ta ɗauru a jiki, a sa su yanzu. Da zarar jigo ya tsaya igiyoyi sun kewaye shi, hannu ba zai ƙara isa daɓen ba.

Mataki na 5: Jigo da sanduna

Sandunan da ke cikin kwali kaurinsu ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, amma jigon gaske yana sirancewa wajen sama. A mirgina kowace sanda a kan gilashi don ganin ko madaidaiciya ce, sannan a rage ta da samfefa ana juyawa, ana gwadawa da awon da ke takardar zane.

Ban da jigo biyu, akwai sandar goshi da ke miƙewa gaba, da sandunan da ke riƙe babban filafili ta sama da ta ƙasa. A jikinsu ake ɗaura 'yan ƙananan kurar igiya, wato katakai masu huda da zare ke bi ta ciki, masu aiki irin na kurar jan ruwa a rijiya. Duk waɗannan a ɗaura su tun sandunan suna kan teburi. Aikin da zai ɗauki minti biyu a teburi kan ci rabin awa in an bari sai sandar ta hau jirgi.

In an kafa jigo, a duba shi ta fuska biyu. Daga goshi ya tsaya cak a kan layin raga na kyamara. Daga gefe kuma ya bi karkatar da zane ya nuna.

Mataki na 6: Ɗaurin igiya

Igiyoyin jirgi iri biyu ne. Akwai igiyoyin kafe, waɗanda ba sa motsi, aikinsu riƙe jigo kada iska ta kayar da shi. A jiragen da ana shafe su da kwalta don kada su ruɓe, shi ya sa ake yin su da baƙin zare. Akwai kuma igiyoyin aiki, waɗanda ma'aikatan jirgi ke ja don ɗaga filafilai da juya su. Su ba a shafa musu kwalta, sai ake yin su da zare mai launin ƙasa-ƙasa.

Jerin shi ne: igiyoyin kafe kafin na aiki, na ƙasa kafin na sama, na tsakiya kafin na gefe. Wanda ya saɓa wannan jeri zai tarar da zaren da ya riga ya ɗaura ya tare masa hanyar wanda ya rage.

Ana farawa da igiyoyin gefe, masu saukowa daga wuyan jigo zuwa gefunan jirgi. Bibbiyu ake sa su: zare ɗaya ya zagaya wuyan jigo, bakinsa biyu su sauko gefe guda. Na farko a dama, na biyu a hagu, haka har a gama. A ƙasan kowace igiya akwai wani ɗan kewayayyen katako mai huda uku, da ɗan'uwansa a jikin jirgi, ana haɗa su da siririn zare mai shiga hudojin bi da bi. Domin tazarar da ke tsakaninsu ta zama ɗaya a duk jirgin, a lanƙwasa kilif ɗin takarda ya zama ma'auni, a riƙa maƙala shi tsakanin kowane biyu kafin a ɗaure. Bayan igiyoyin gefe sai igiyoyin gaba, masu tafiya daga wuyan jigo zuwa goshi da sandar goshi.

Sai tsanin igiya, wato gajerun zaren da ake ɗaurawa a gicciye a kan igiyoyin gefe, inda ma'aikata ke takawa su hau sama. A jirgin gaske tazarar matakan kan kai wajen santimita 38, wato kusan milimita 6 a sikelin 1:64. A zana layuka masu wannan tazara a kan farin kati, a maƙala shi a bayan igiyoyin, a riƙa bin layin. Kada a ja zaren da ƙarfi, domin zai tsuke igiyoyin gefe su yi ƙugu a tsakiya.

Ga wasu dabaru da ke rage wahala. In aka ɗiga sufa-gulu a bakin zare aka yanke shi a karkace, zai zama allurar kansa. In aka ja zare a jikin kakin zuma, gashinsa zai kwanta. Ƙulli kuwa da farin gam da aka sirka da ruwa ake kafe shi, domin sufa-gulu na sa zare ya yi ƙyalli ya kuma riƙa karyewa. Kada a kafe ƙulli ko ɗaya sai an ja igiyoyin dama da hagu sun daidaita, an kuma ɗauki hoto an ga jigo bai goce ba. Abin da ake nema shi ne igiya ta miƙe, ba ta yi ƙara kamar tsirkiyar garaya ba.

Hunturu da damina

Littattafan bayani an rubuta su ne a Turai da Amurka, ba su san yanayin Kano ko Maraɗi ba. Katako yana tsukewa in iska ta bushe, yana kumbura in ta yi laima. Zaren auduga kuma yana ɗamewa da laima, ya saki in ya bushe. Igiyar da aka ja sosai a tsakiyar hunturu tana iya lanƙwasa siririn saman jigo in damina ta sauka. Wadda aka ɗaura a watan Agusta kuma tana iya yin laushi a Janairu.

Mafita ita ce a buɗe kwalin a bar katakon ya yi kamar mako guda a ɗakin da za a yi aikin kafin a fara. A shafa wa jikin jirgin banish ciki da waje inda hannu zai kai. A ja igiya matsakaici, in kuma da hali a yi amfani da zaren foliyesta, wanda laima ba ta cika damunsa ba. In an gama, a sa jirgin cikin akwatin gilashi, nesa da taga. Ƙurar hunturu in ta zauna a kan igiyoyi, goge ta ba tare da tsinka wani abu ba aiki ne ja.

Idan an riga an yi kuskure

Akwai ƙofar komawa baya guda ɗaya, kuma farin gam ne ke buɗe ta. Sifirit ɗin da masu gyaran waya ke wanke allon waya da shi yana tausasa farin gam. A jiƙa mahaɗar da shi, a jira 'yan mintuna, a zare sashen a hankali. Wannan ne dalilin da ya sa farin gam ya fi dacewa da duk inda katako ya haɗu da katako. Sufa-gulu sai da asiton, sinadarin da ke cikin wasu ruwan goge jan farce, kuma yakan ɓata fenti. A yi hattara da shi: yana manne fata, tururinsa na yaji a ido, kuma in ya zuba da yawa a kan auduga yana ɗaukar zafi har ya ƙona hannu.

Kit ɗin kirki da kuɗin waje ake sayensa, ga kuɗin aiko shi, ga na kwastan. Wanda ya kashe wannan kuɗin, abin da zai kare masa shi shi ne tsayawa a ƙarshen kowane mataki ya yi gwaji uku: hoto daga goshi, hoto daga sama, da filankin gwaji ko rula a jiki. In ukun sun yi daidai ya wuce. In ɗaya ya gaza ya gyara a ranar, tun gyaran na minti goma ne. Hotunan kuma ya tara su a folda ɗaya da kwanan wata, domin ranar da wata igiya ta tsinke bayan shekara biyu, su ne za su nuna masa ta inda ta bi da inda ta ɗauru.